Mako 7 da tiyatar babban yatsan ƙafa, takalmin aiki ya ƙi shiga

Maman Yara, Nima: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 6 ina fama da ƙullutun gindin babban yatsan ƙafar dama, irin na mahaifiyata, har sai da na daina sa rufaffen takalmi zuwa biki. An yi min tiyatar nan ta ƙananan huji, yau mako 7. A sito nake aiki a Tema, ba a shiga sai da but mai bakin ƙarfe. Hutuna ya ƙare, Litinin zan koma. Jiya na gwada sabon but ɗin da na saya, da ƙyar ya shiga, minti 10 ƙafar ta fara zugi. Hankalina ya tashi. Yaya zan yi?

Mai Gashin Ƙashi: Wa alaikumus salam, Hajiya, sannu da jiki. Ba ki faɗi babban abu ba: an ɗauki hoton ƙashi a mako na 6? Ƙanƙantar hujin ita ke ruɗin mutane. A waje tabo ne da bai kai santimita 1 ba, a ciki kuwa an yanke ƙashin ne gaba ɗaya, aka matsar da shi, aka kama da sukuru. Haɗewarsa na ɗaukar mako 6 zuwa 12, kumburi kuma yakan kai wata 3 zuwa 6, wani har shekara. Daga takalmin asibiti kambas mai faɗi da taurin ƙasa ake komawa. But na bayan nan ne, galibi wajen wata 3, shi ma sai likitanki ya ga hoto.

Ɗan Mamobi: Yaya, ki je kasuwar gwanjo ta Kantamanto ki nemi wanda ya fi lambarki da 2, ki cusa auduga a gaba. Ki je da yamma ki gwada, lokacin ƙafa ta gama kumbura.

Mai Gashin Ƙashi: Gwaji da yamma daidai ne, ƙarin lamba 2 kuskure ne. Matsalarta faɗi ce, ba tsawo ba. In but ya yi tsawo, ƙafa za ta riƙa zamewa gaba, kuma inda yake lanƙwasawa ba zai dace da gaɓar yatsa ba. Tazarar faɗin babban yatsan hannu a gaba ta isa. Na gwanjo kuma ya riga ya ɗauki tafiyar wani.

Baduku: Hajiya, fata tana buɗewa in an jiƙa ta da mai, aka ɗora a katakon buɗa takalmi kwana 2. Ƙarfen baki dai ba ya buɗewa ko kaɗan. Cire shimfiɗar ciki ki taka ta a tsaye. In ƙafarki ta fita gefe, but ɗin ba naki ba ne. Ki kuma laluba bakin ƙarfen ta ciki, in a kan tabon ya sauka, haƙura. Abin da ke ci min rai, kamfanoni su sayo but ƙirar maza mai matsattsen baki su raba wa kowa, sai ƙafa ta lalace a kawo mana gyara.

Maman Yara, Nima: Hoton ban koma na yi ba, don ba na jin ciwo in ina cikin silifas, kuma kuɗin sun tafi wajen but ɗin. Ba zan iya sayen wani ba. Mutane nawa ke jiran gurbina.

Mai Gashin Ƙashi: Rashin ciwo ba shaida ba ce, Hajiya. Kullum haka, a tsallake ranar asibiti, sai kan ƙashi ya goce ko sukuru ya motsa a dawo ana kuka. Silifas ma ki ajiye, yatsa na ƙanƙame shi a kowane taku. Ki je a yi hoton, ki karɓo takardar aiki mara nauyi ta mako 4. In an ba ki izinin but, fara da awa 1 a gida, ki ƙara awa 1 duk bayan kwana 2. Safa mara ɗinki a baki, ki tsallake ramin igiya na ƙasa. Da dare ɗaga ƙafa sama da ƙirji, ƙanƙara a tawul minti 15. In wurin ya yi ja da zafi, ko yana ruwa, ko zazzaɓi, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, asibiti a ranar.

Ɗan Mamobi: Malama, takardar likita ba kowane manaja ke dubawa ba. Ta sa kambas a cikin trotro, motar haya, ta canja a bakin ƙofa, ta cire lokacin hutun azahar.

Mai Gashin Ƙashi: Awa 8 a tsaye kan siminti da kwali a hannu, a mako na 8? Ban yarda ba.

Maman Yara, Nima: Na gode muku duka. Zan kai wa baduku but ɗin gobe, in gwada ranar Litinin in gani. Aikin zama babu shi a sashenmu.

Baduku: Kafin ki kai, kin taka shimfiɗar cikin kuwa? Ta fita gefe ko ba ta fita ba?