Salansar da ba ta kamfani ba: wanda ya saka wa motarsa ya ba mu labari

Mai Tundra, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan da na fito da Toyota Tundra 'yar 2014 daga tashar Tema, mai injin V8 lita 5.7. Da muka ɗaga ta a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a nan Kumasi, sai ga salansar ta ruɓe ta ƙasa har yatsa na shiga. Gishirin da ake zuba wa titunan Amurka lokacin ƙanƙara ne ya cinye ta. An nuna mini salansa guda uku: ƙirar Flowmaster, ƙirar Magnaflow, da homyus (wato 'yar gwanjo daga waje) irin ta kamfanin motar. Ba zan ɓoye muku ba, raina na kan mai rugugi. Amma sau biyu a wata nake zuwa Accra, wani lokacin da iyali. Don Allah wanda ya saka, ya kuma yi doguwar tafiya da ita, ya faɗa mini abin da kunnensa ya ji.

Mai F-150, Asawase

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni na riga ka shiga wannan ruwan. Flowmaster 40 na saka wa tawa mai lita 5.0. Ranar da aka gama walda aka taka totur a gareji, yaran shago har tafi suka yi, ni kuwa daɗi ya cika ni. A cikin gari ban ga aibunta ba.

Sai ranar da na ɗauki Hajiyarmu zan kai ta asibiti a Accra. Muna wuce Konongo hanya ta miƙe, na tsayar da ƙafa wajen kilomita 100 a awa, allurar juyin inji ta zauna ƙasa da 2,000 kaɗan. Nan wani amo ya taso a cikin motar, ba ƙara ba ce irin ta waje, wani gunji ne mai nauyi da ke zama a ƙeya, har madubin tsakiya na rawa. Na waiga na ga Hajiya ta ɗaure kanta da mayafi, ta rufe ido, carbinta a hannu, ba ta ce komai ba. A Nkawkaw ta ce, “Ɗana, tsaya in sha iska.” Wallahi har yau in na tuna sai raina ya sosu. Kusan kilomita 250 ne tsakanin Kumasi da Accra, kuma gudun da ake tafiyar da shi, shi ne daidai inda amon yake zaune. Ina dawowa na sa aka ƙara ƙaramar tukunyar rage amo a tsakiyar bututun. Ya ragu, bai tafi duka ba.

Ga kuma asuba. Injin fetur in ya kwana, yana tashi da ƙarfi kafin ya lafa, gidajenmu na Zango kuwa bango ɗaya ne. Sai da wani dattijo ya kira ni gefe bayan sallah.

Fita (makaniki), Suame Magazin

Alhaji mai F-150, abin da ya same ka ba laifin mai walda ba ne, ƙirar ce haka. In ka tsaga Flowmaster za ka ga ɗakuna ne da farantan ƙarfe, hayaƙi na karo da su yana juyawa, shi ya sa muryarta ke da kaifi da amsa-kuwwa. Magnaflow kuwa bututu ne miƙaƙƙe mai huje-huje, an naɗe shi da zare mai shanye ƙara. In ka leƙa ta wannan baki kana hango haske ta wancan. Muryarta ta fi taushi, amma ƙaramar tukunyar salansa a kan V8 ita ma tana amo. Girman tukunya shi ke kwantar da murya.

Mai Tundra, ka zo da maganaɗisu a aljihu. Sitenles kala biyu ake yawan yin salansa da shi. Lamba 304, irin wanda kamfanin salansa na Borla ke amfani da shi, maganaɗisu ba ya kama shi sosai, kuma shi ne damina ba ta yi wa komai. Lamba 409 yana kamawa, yana yin jan tsatsa a fuska amma yana daɗewa. Na ƙasa da su baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa alminiyom, kuma daga wurin walda tsatsa ke fara cinsa. Ku na Aboabo kun san yadda ruwa ke kwanciya a layinku. Na sha ganin tukunya mai sheƙi da tambarin babban kamfani, ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar gwangwanin madara. A guji wannan. Kuma sitenles da argon ake haɗa shi, kar ka yarda a sa masa wutar kabaid.

Maganar ƙarfi, in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah: tukunya kaɗai ba ta ƙara wa mota abin da ƙafa za ta ji sosai. Kunne ne ke yaudarar mutum. Wanda kuma ya buɗe bututu fiye da kima a injin da ba turbo, hayaƙin ya rasa gudu, motar ta yi sanyin tashi in an yi lodi.

Direban Tamale

Masta ya yi gaskiya. Tawa Hilux ce mai injin dizal D-4D lita 3.0. Turbo ya riga ya cinye rabin ƙarar, don haka da na sa bututu inci 3 da miƙaƙƙiyar tukunya, fito kawai ya ƙaru. Abin da ya dame ni tudun rage gudu ne na garuruwan hanyar Techiman zuwa Kintampo. An rataye tukunyar ƙasa-ƙasa, sau biyu tana dukan tudu. A duba robobin rataya kafin a bar gareji.

Mai Ram, Tafo

Masu Ram mai injin Hemi 5.7 su kula. Injin na kashe silinda huɗu in ana tafiya a natse don rage shan mai. Da salansar kamfani ba ka sanin ya yi, amma da mai ƙara sai ka ji murya ta koma kamar jirgi mai saukar ungulu, ta dawo, ta sake komawa. Tundra ɗinka ba ta da wannan tsarin.

Ɗan kasuwa, Alabar

Ni nawa kukan daban ne. Na bar motata kwana biyu a wani gareji, ba zan ambaci suna ba, don a canja tukunya. Bayan mako fitilar inji ta kama, hayaƙi na warin da ke sa hawaye. Aka sa kwamfuta ta nuna P0420, lambar matsalar katalis, wato na'urar tace hayaƙi da ke kan bututun. Da aka kwance, ashe an farke katalis an kwashe cikinsa an mayar da ɓawon. Saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki ake yi, irin su falatinom. Kuɗin sabo ya ninka na salansar. Ɗan'uwa, ka ɗauki hoton ƙasan motarka, ka kuma zauna a kan benci har a gama aikin.

Ƙaramin cikinku, Sawaba

Yayyena, kar dai a tsorata shi gaba ɗaya. Shekara biyu ina da Magnaflow babba a Tundra irin tasa, ban taɓa katalis ba, ban canja faɗin bututu ba. In na taka tana amsawa da murya mai daɗi, in na daidaita gudu muna hira da yara a baya ba tare da ɗaga murya ba. Na je DVLA, hukumar lasisin motoci, sabunta takardar lafiyar mota, babu wanda ya ce mini uffan. Abu ɗaya: na sa bakin bututun ya fito ta gefe bayan taya, ban bar shi yana huci a ƙarƙashin bodi ba, don nan ne amo ke taruwa, hayaƙi kuma ya iya shigowa ciki.

Mai Tundra, Aboabo

Allah ya saka muku da alheri. Alhaji, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, labarinka ya sa na ajiye Flowmaster 40. Ƙanina na Sawaba, in ba damuwa ranar Asabar bayan la'asar ka ɗauke ni mu miƙa hanyar Ejisu, mu rufe gilasai, mu tsaya a kan 100 in ji da kunnena, man a wuyana. Masta, Litinin da safe ina shagonka da maganaɗisun. Tukunya mai tsawon inci nawa ce za ta zauna a gurbin tsohuwar ba tare da an taɓa wurin safaya ba?