Ciwon suga nau'i na ɗaya: ƙwallon yamma da faɗuwar suga cikin dare

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Matashi mai allurar insulin ya buga ƙwallo bayan La'asar lafiya lau, sai tsakar dare suga ya rikito. Me ke kawo haka, yaya kuma ake tare shi?

Malamar jinya:
Wa alaikumus salam. Bashi ne jiki ke biya. A fili tsoka ta ƙone sugan da ta adana, da dare sai ta dinga janyo na cikin jini tana cike gurbi, abin kan kai awa 24. Ga mai allurar haɗin 70/30 (insulin mai saurin aiki da mai jinkiri a haɗe), wadda ya yi da Magariba ƙarfinta kan kai ƙololuwa ne cikin dare, sai biyun su haɗu yana barci. A auna suga kafin shiga fili, a ma'aunin mg/dL. Ƙasa da 90, a sha sukari kamar giram 15 tukuna. Sama da 250, a duba kiton (sinadarin da jiki ke yi in yana ƙona kitse saboda ƙarancin insulin) a fitsari. In akwai, ba wasa ranar. A sake aunawa kafin kwanciya, da kuma ƙarfe 2 ko 3 na dare. Rage allura kuwa sai da likita.

Kocin unguwa:
Malama ta gama magana. Ƙari ɗaya: kada a yi allura a cinya sannan a fita gudu, ƙafa mai aiki tana zuƙe maganin da wuri. A yi a fatar ciki.

Maman Yara:
In awo ya nuna ƙasa da 70, cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15, a sake aunawa, sannan a bi da burodi. Inda ake kuskure shi ne miƙa gyaɗa ko cakulan, man da ke ciki yana jinkirta hawan suga. Ku lura da alamun faɗuwar suga cikin barci: zanin gado jiƙe sharkaf da gumi, mugun mafarki, ciwon kai da asuba. In ya suma, don Allah kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi gefe, a nufi asibiti. Ranar wasa kuma tuwon dare kada ya tafi shi kaɗai, a haɗa da wake ko alala, su ke daɗewa a ciki.

Likitan yara:
Gaskiyarki, Hajiya. Abin da ya fi damuna shi ne masu barin suga a sama da gangan don tsoron faɗuwa, ko a hana yaro wasan gaba ɗaya. Binciken DCCT kan masu ciwon suga nau'i na ɗaya a Amurka da Kanada, mai mutum 1,441, da aka kammala a 1993, ya nuna riƙe suga kusa da daidai ya rage haɗarin kamuwa da ciwon idon da suga ke jawowa da kashi 76 cikin ɗari, duk da faɗuwar suga mai tsanani ta ninka kusan uku. Saboda haka a bar shi ya buga, amma na'urar awo da sukari su kwana kusa da matashin kai.