Musayar Waƙa: Kullen Korona da Neman Abinci

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga mu a Yulin 2021, wata goma sha biyar da fara rufe Kano ranar 16 ga Afrilun 2020, kuma ana ta sanarwar cewa cutar ta dawo zagaye na uku. Na buɗe fage da harafin "na", mai iko ya amsa.

Da sunan Allah nake fara zancena,
Mai rayarwa, a hannunsa numfashina.

Salati ga Manzo, Ɗaha ɗan Amina,
Da alai da sahabbai masu riƙon amana.

A Kantin Kwari nake, nan ne shagona,
Atamfa da shadda da leshi ne kayana.

Watan azumi shi ne kakar cinikina,
Ɗinkin Sallah ke cika mini asusuna.

Bara, saura mako azumi ya iso mana,
Aka sa kwaɗo, aka ce kowa ya zauna.

Dilolin da na ɗauko bashi gun maigidana,
Suna kulle a shago, ni ina ɗakina.

Da aka buɗe, Sallah ta tafi da rabona,
Yayi ya wuce, ba mai taya zannuwana.

Kayan China kuma sun ƙara kuɗi a bana,
Dala ta hau, ta cinye rabin jarina.

Har yau biya nake, kaɗan-kaɗan da gumina,
Maigida ya yi haƙuri, Allah Ya ba shi Aljanna.

Mai A-daidaita: Yaya, na karɓa, amma harafinka ya yi mini laushi. Ni da "ba" na zo.

Yaya Ɗan Kwari, ai kai ba ka ga komai ba,
Atamfarka tana jiranka, ba ta ruɓe ba.

Babur ɗin da nake ja na haya ne, ba nawa ba,
Balas ya taru a kaina, mai shi bai yafe ba.

Ran da ban fita ba, tukunya ba ta hau ba,
Yara kuwa ba su san da dokar gwamna ba.

Litinin da Alhamis aka sassauta, ba a ƙara ba,
Goma zuwa huɗu, awa shida ba ta isa ba.

Ran nan a 'Yankaba tsinke bai sami masaka ba,
To ina tazarar? Ni dai ban gan ta ba.

Ka fita ran kulle, kotun kan titi ba ta bar ka ba,
Tara ake yanka wa wanda bai yi sahur ba.

Tallafi a rediyo muka ji shi, ba mu gani ba,
A layinmu ko gwangwani ɗaya bai iso ba.

Sai da aka fasa rumbu a Jos cikin Oktoba,
Aka ga buhuna jibge, ba a raba su ba.

Ni yunwa na gani, korona ban gan ta ba,
Cutar masu hawa jirgi ce, ba ta talaka ba.

Anti Nas: Ƙanena, yunwarka gaskiya ce, ba mai musu. Amma baitinka na ƙarshe ba zan bar shi ya kwana ba.

Ƙanena tsaya, ka saurare ni da natsuwa,
Ido na gan ta da shi, ba jita-jitar kasuwa.

Na ga dattijo numfashi yana gagarawa,
Ƙirji na hawa da sauka, leɓe na bushewa.

Tukunyar iska guda, mutum biyu ke buƙatuwa,
Wa za ka cire wa? Nan kai ke ɗaurewa.

Rigar leda a zafin Afrilu muke sawa,
Gumi ya cika takalmi kafin lokacin cirewa.

Takunkumi ya yanke ni a hanci, tabon bai gogewa,
Ga azumi a baki, ga ido yana rufewa.

In na dawo gida 'yata da gudu take tahowa,
In ce tsaya can sai na yi wanka, tana kuka ina dannewa.

Maƙwabta suka daina turo yara gaisuwa,
Mai ƙosai ta ce kuɗina ba ta taɓawa.

Ka tuna Afrilu da Mayu, maƙabartu na cikawa,
Masu haƙan kabari har hannu na sagewa.

Malamai da farfesoshi da dattawan unguwa,
Kullum sanarwar jana'iza ake karantawa.

Su wa suka hau jirgi a cikin masu rasuwa?
Da yawansu ko Abuja ba su saba zuwa.

Allurar da ta zo a Maris na miƙa hannu ba ɓoyewa,
Dantse ya yi tsami, washegari sai warwarewa.

Kuma ba ni kaɗai na faɗa ba. A Yunin 2020 ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce mutum 979 suka rasu a Kano a wancan tsakanin, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari kuma ana danganta su da cutar.

Mai A-daidaita:

Anti na ji, ban ƙaryata idonki ba,
Aikin da kuka yi ba ƙarami ne ba.

Amma a rufe magidanci ba a ba shi mudu ba,
Wannan a wurina ba magani ne ba.

Malama: Ku ɗan matsa mini. Mu malaman makarantun kuɗi ba a cika jin muryarmu ba.

Ni malama ce a wata ƙaramar makaranta,
Albashinmu daga kuɗin yara yake fita.

Maris aka rufe, sai Oktoba muka koma cikinta,
Wata shida ba sisi, mai ita ma babu a hannunta.

Aka ce a rediyo da waya yara za su karanta,
Gidan da ba garin tuwo, wa zai sayi data?

Na kafa kaskon awara a bakin ƙofata,
Ɗalibaina ke saye, suna jin kunyata.

Da muka dawo, mai haɗa baƙi duk ya manta,
Daga farko muka ɗauko, na shanye gajiyata.

Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya an ɗaura aurenta,
Littafinta na lissafi yana cikin durowata.

Kaskon ban jingine ba, yana nan a madafata,
Safe alli, yamma suya, haka nake rayuwata.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Namu gajere ne.

Sannunku da haƙuri 'yan uwa na Nijeriya,
Mu tun Agustan 2019 aka toshe mana hanya.

Iyaka na rufe sai ga cuta ta game duniya,
Wakena ya yi ƙwari a buhu a Maimujiya.

Dawanau nake kai shi, can nake juya dukiya,
Na sayar da shi a faɗuwa, na riƙe zuciya.

An killace Yamai, da dare an hana tafiya,
Masallatai a rufe, sai Mayu muka yi sahu ɗaya.

Malama, ki gaida yaran, Allah Ya ƙara lafiya,
Ki adana littafin nan, ko za ta dawo wata safiya.

Iya Mai Kunu: 'Ya'yana, jikata ce ke rubuta mini, ni faɗa nake yi.

Shekaru ina zubin adashi don in ga Makka,
Na sayar da tumakina, na biya ba shakka.

Bara aka ce mazauna can kaɗai za a ɗauka,
Bana ma 60,000 na cikin ƙasar, an sake haka.

Kuɗin ban karɓo ba, na bar su ga Mai Sama haka,
In da rabon in taɓa Ka'aba, ai zan taka.

A kullen nan babbar tukunya na girka,
Gero daga wannan gida, tsamiya daga can aka dama haka.

Ta kan katanga ake miƙo kwano, in cika in miƙa,
Ba a tambayar na wane ne, ba a cewa ina kuɗinka.

Kai mai babur, da a layinmu kake da iyalinka,
Da ba a sha ruwa da ruwa zalla ba a gidanka.

Ke kuma 'yar nan Nas, an ce sai da allura ake shiga Makka,
Ina da hawan jini, zan iya, ko in bar ta haka?

Anti Nas: Iya, barka da ƙoƙari. Kashin farko na allurar rigakafin da ya iso ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, ya ƙare, ana jiran wani.

Iya, hawan jini ba ya hana karɓawa,
Irinku ma ake so su riga mu zuwa.

Ki ci gaba da shan maganinki ba tsallakewa,
In ta iso, asibitin unguwa za ki, ba wahalarwa.

Ki gaya musu ciwonki kafin a yi tsirawa,
Su auna ki, ki zauna kaɗan kafin tasowa.

Katin da za su ba ki ki yi masa ajiyar kulawa,
Akwai ta biyu, ranarta a jiki ake rubutawa.

Mai A-daidaita:

Iya, ran da za ki, ba za ki taka a ƙasa ba,
Ni zan kai ki in dawo da ke, ba zan karɓi sisi ba.

Jikarki ta faɗa mini layin, ba zan ɓata ba,
Da sassafe zan zo, tun layi bai yi tsawo ba.