Ina ake raba gaɓoɓin dogayen kalmomin likitanci?

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Ina karatun aikin jinya, kuma furucin dogayen kalmomin Turanci ya tsaya mini a wuya, ga jarrabawar baki ta ƙarato.

Ma'ana ba ta ba ni wahala. Na san a cholecystectomy (tiyatar cire matsarmama), chole na nufin ruwan matsarmama, cyst jaka, ectomy kuma cirewa. Amma wajen faɗi, t ɗin cyst sai ta koma gaɓar gaba, a ce tek. To, asalin kalma ake bi ko sauti? Haka psychiatry da psychiatric, tushensu ɗaya amma inda murya ke dannawa ya bambanta. Respiratory kuwa, furucin Ingila daban, na Amurka daban.

Don Allah, akwai ƙa'idar da zan riƙe, ko kowace kalma haddace ta ake yi?