Wai da gaske a lab ana iya gane ƙasar da man zaitun ya fito?

Uwargida:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Ina sayen man zaitun saboda mahaifiyata, kullum da safe take shan cokali ɗaya. Kwalbar da na saya wancan watan an rubuta Italiya a gaba harda tuta, sai da na je gida na juya bayanta na ga ƙananan rubutu wai haɗin man ƙasashen Turai ne da na waɗanda ba Turai ba, alhali mai shagon sai da ya rantse min ɗan Italiya ne gangariya, kuma kuɗin ba kaɗan ba wallahi. Shin akwai gwajin da zai nuna inda mai ya fito ko sai dai mutum ya yarda da abin da aka rubuta?

Ɗan Kimiyya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai, amma abu biyu ne mutane ke haɗawa. Gane algus yana da sauƙi, in an zuba man waken suya ko na sunflower injin zai kama, saboda kowane mai da irin sinadaran sterol ɗinsa. Gane ƙasa shi ne aikin. Itacen zaitun ruwan wurin da ya tsiro yake sha, ruwan saman bakin teku kuma ba ɗaya yake da na kan tsauni ko na can cikin ƙasa ba, nauyin oksijin da haidirojin ɗinsu ya ɗan bambanta, to wannan bambancin yana biyo ruwan ya zauna cikin man, shi ake aunawa, ana ce masa isotope. Sai a duba kitsen ciki, misali man zaitun irin Chemlali na Tunisiya, wani nau'in kitse da ake ce wa oleic da ke cikinsa bai kai na zaitun irin Picual na Sifen ba. Amma fa injin ba zai buga miki sunan ƙasa ba, sai an kwatanta da samfuran da aka tabbatar da asalinsu, kuma duk shekara sai an tara sababbi don fari ko damina mai yawa na canza awon. In aka gauraya man ƙasa uku a tanki ɗaya abin ya ƙara wuya.
Ita kwalbarki rubutun bayan shi ne gaskiyar. Tun 2009 dokar Tarayyar Turai ta tilasta a rubuta asali a jikin kwalbar extra virgin, wato man zaitun mai daraja ta ɗaya. Italiya ba ta noma abin da zai ishe ta, daga Sifen da Girka da Tunisiya take sayowa a ɗura a kwalba a can.

Baban Yara:
Ni dai firij nake sawa, in ya daskare na asali ne. Haka aka koya mana.

Ɗan Kimiyya:
Yallaɓai dan Allah a daina dogaro da firij ɗin nan, wani jabun yana daskarewa, wani mai kyan kuma ya ƙi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne man da ake aunawa a gora babu suna babu komai. A 1981 a Sifen an riƙa tallan man rapeseed (wani tsiro ne da ake tatsar mai daga ƙwayarsa) wanda aka tanada don aikin masana'antu ba don ci ba a unguwanni da sunan man zaitun mai araha, mutum kusan 20,000 suka kwanta, ɗaruruwa suka mutu.

Uwargida:
Innalillahi. Na gode sosai Malam, Allah ya ƙara ilimi. Gobe in sha Allah zan koma shagon da kwalbar in nuna masa rubutun bayan da kaina, ƙila shi ma bai taɓa karantawa ba. Wanda ake kawowa tsaraba daga Saudiyya fa, shi ma haka zan duba bayansa?