Neman kalma: me zamu kira placebo da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, musamman malaman Hausa da ma'aikatan lafiya dake nan. Akwai kalmar da ta tsaya min a wuya tun makon jiya, wato placebo, ƙwayar da ake ba wasu a gwajin magani wadda babu maganin a cikinta. Abinda ya kawo maganar, Baba ne aka ce tsakiyar idonsa ya fara lalacewa irin na tsufa, ba yanar ido ba ce kuma ba hawan jinin ido ba, wani ɗan wuri ne can bayan ido wanda dashi mutum yake karatu yake gane fuska, sai likita ya rubuta masa wasu ƙwayoyin bitamin masu ɗan tsada. Shi kuwa Baba ba'a miƙa masa abu ya haɗiye haka kawai, sai ya ji waye ya gwada, kuma ta yaya aka san yana aiki. Na zauna ina masa bayani tiryan-tiryan har na iso kan kalmar nan na tsaya cak.

Ga abinda nake ƙoƙarin faɗa masa. Cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ta fara wani gwaji a 1992 da ake kira AREDS, mutum 4,757 ƴan shekara 55 zuwa 80, aka raba su da ƙuri'a, wasu ana basu bitamin C da E da beta-karotin, wasu zink, wasu duka a haɗe, wasu kuma ana basu ƙwaya mai kama da ta sauran sak, launi ɗaya girma ɗaya, amma babu waɗannan sinadaran a cikinta. Mai sha bai san wacce yake sha ba, likitan dake duba idonsa ma bai sani ba. A 2001 sakamako ya fito, waɗanda ciwon ya kai matsakaicin mataki kuma suka sha haɗin, haɗarin ya tsananta ya ragu musu da wajen kashi 25 cikin ɗari. Bai dawo wa kowa da ganin da ya riga ya tafi ba, bai kuma hana yanar ido ba. To waccan ƙwayar ta rukunin ƙarshe, wacce da ita aka auna komai, ita nake nema wa suna. Bismillah.

Na gode da amsoshi, ban zaci za'a taru haka ba wlh. Bari in bi su.

Mafi yawanku kun ce maganin bogi ko jabun magani. Malam da ya fara kawo ta, na fahimce ka, ita ce ta fara zuwa bakina nima, amma ban yarda da ita ba ko kaɗan. Jabun magani a wajenmu laifi ne, shine wanda NAFDAC take kamawa tana ƙonawa, shine yaƙin da marigayiya Dora Akunyili tayi tun daga 2001, mutum ya sayar maka da alli a madadin maganin zazzaɓi don ya ci kuɗinka ko da zaka mutu. Shi kuwa wannan ba'a sayar dashi, kuma tun kafin ka shiga gwajin an gaya maka cewa ƙila ka faɗa rukunin da za'a bashi, ka amince ka sa hannu. Ku duba yadda zai kasance a takardar neman amincewa an rubuta "wasu daga cikinku za'a basu jabun magani", a ƙasar da har yau ba'a manta gwajin maganin sanƙarau da akayi kan yaran Kano a 1996 ba, waye zai tsaya ya ƙarasa karantawa? Maganin ƙarya ma duk kanwar ja ce.

Hajiya da kika ce maganin kwantar da hankali, wannan dan Allah a barta, kuma anan zan ɗan daɗe saboda abin ya shafe ni. Ƙanena yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa shekaru, ni nake bashi maganinsa safe da dare, ni nake raka shi asibiti, kuma a gidanmu da gidajen da na sani masu irin wannan jinyar, haka muke kiran ƙwayoyinsu na gaske, maganin kwantar da hankali. Duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ya san babban aikin shine mara lafiya ya yarda ya cigaba da sha bayan ya ji sauƙi, domin da zarar ya daina ciwon kan dawo, wani lokacin ma yafi na baya. Ranar da yaji a rediyo ance maganin kwantar da hankali ai ba komai a cikinsa, an rushe min aikin shekaru a minti ɗaya. Na san ba haka kike nufi ba Hajiya, amma sunan yana da mai shi tun tuni.

Maganin lallashi kuwa ta burge ni, domin asalin kalmar daga Latin take kuma ma'anarta "zan faranta rai", kenan wanda ya kawo ta ya harbi kusa. Inda take da rauni, lallashi ya dace da likitan da yake ba mara lafiya wani abu don ya tafi gida da daɗin rai, amma a gwaji ba lallashin kowa ake ba, awo ake. Misali gwajin bitamin A da akayi a yankin Navrongo na arewacin Gana, wanda aka wallafa a 1993, yara ne ƙanana, wasu aka basu bitamin ɗin wasu aka basu mai kama dashi, aka ga mutuwar yara ta ragu da kashi 19 cikin ɗari a rukunin bitamin. Yaro ɗan shekara biyu wa ya lallashe shi da kwanson magani, bai ma san me aka ɗiga masa ba. Makwafin magani ita ma a'a, makwafi yana yin aikin wanda ya maye. Holoƙo kuma, hadarin kaka, hoton yayi kyau amma da ita ake yi wa mutum gori.

Saura biyu, mutum-mutumin magani da maganin fanko. Ta farko tana da ma'ana sosai, siffa ce ba rai, sai dai tayi tsawo, ka gwada faɗinta sau biyar a bayani ɗaya kaji. Ni fanko na zaɓa. Kowa ya san fankon ashana, daga waje ashana ce, ka buɗe ba tsinke. Yayana da ya ce za'a ɗauka kwalin magani ake nufi, gaskiyarka, shi yasa ba zamu ce fankon magani ba, maganin fanko zamu ce, kuma tana shiga ko'ina, ƙwayar fanko, allurar fanko, ɗigon ido na fanko. Wani ya ce ai ba fanko bane tunda akwai sitaci ko sukari ko ruwan gishiri a ciki, eh haka ne, amma abinda ake gwadawa shine babu, wannan kuma jimla ɗaya ta isa a bayyana shi a karon farko.

Abu ɗaya da muhawarar nan ta nuna min, ashe abu biyu muke ta cakuɗawa. Akwai ƙwayar kanta, akwai kuma sauƙin da mutum kan ji don kawai ya sa rai an bashi magani, wanda yake fitowa sosai a gwajin magungunan ciwon damuwa da na raɗaɗi. Wannan na biyun shi masu lallashi da kwantar da hankali suke hange, kuma ina ganin sauƙin sa rai ya ishe shi suna.

Sannan a riƙa haɗawa da cewa ba kullum ake barin rukunin fanko hannu rabbana ba. Da aka sake gwajin idon karo na biyu, AREDS2, mutum 4,203, sakamako a 2013, kusan kowa an cigaba da bashi haɗin farko ko wanda aka ɗan yi wa gyara tunda an riga an san yana da amfani, fankon ya tsaya ne kan sababbin abubuwan da ake gwadawa kawai. Anan aka gano man kifi bai ƙara komai ba, kuma aka cire beta-karotin aka sa wasu sinadarai biyu, lutin da ziyazantin, saboda beta-karotin yana ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan taba da waɗanda suka taɓa sha. Baba ya sha taba a ƙuruciya, don haka da na koma gida sai da na juya bayan robar na karanta, sabon haɗin ne alhamdulillah.

Jiya da daddare na gwada masa, nace Baba wasu an basu na gaske wasu an basu maganin fanko, bai ce min mene ne shi ba, tambayar da yayi kawai ita ce su na fankon an gaya musu tun farko? Nace an gaya musu, ya ce to miƙo ruwa. Malaman Hausa in akwai gyara a nahawu ku faɗa, in babu ni dai da maganin fanko da sauƙin sa rai zan cigaba.