Amiba dabba ce ko ba dabba ba ce?

Malamar bayoloji: Assalamu alaikum. Jiya na ɗebo ruwa daga wani tsohon ramin kuza a Bukuru, na ɗiga shi ƙarƙashin madubin duba ƙananan halittu, ɗalibai suka ga amiba tana malala kamar kunu a faranti, har ta kewaye abincinta ta haɗiye. Na ce musu dabba ce mai ƙwayar halitta ɗaya, kuma ina nan a kan bakana, domin abin da ke tafiya yana farautar abinci ai ba tsiro ba ne.

Tsohon shugaban makaranta: Wa alaikumus salam. Malama, rashin zama tsiro bai mai da ita dabba ba. Tun 1866 Ernst Haeckel na Jamus ya ware wa irin waɗannan halittu rukunin Protista, sannan a 1969 Robert Whittaker ya kasa masu rai gida biyar, ya bar dabbobi ga masu ƙwayoyin halitta da yawa.

Ma'aikacin lab: Baba, da izininka, shi ma Protista ɗin tarkace ne kawai aka tara a ɗaki ɗaya. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa amiba siffa ce da salon tafiya, ba dangi ba. Entamoeba histolytica mai haddasa atini tana cikin rukunin amiba da ake kira Amoebozoa, amma Naegleria fowleri, wadda ke shiga ta hanci daga ruwa mai ɗumi ta kai ƙwaƙwalwa, tana wani reshe can nesa, har ma Amoebozoa sun fi kusa da mu da naman gwari (wato fungi, dangin naman kaza) a kan Naegleria. Fararen ƙwayoyin jininmu ma da irin wannan malalar suke tafiya.

Malamar bayoloji: To ai ka ba ni hujja, tunda ka ce sun fi kusa da mu.

Ma'aikacin lab: Kusanci daban, zama ɗan gida daban, Malama, idan aka bi wannan, sai a kira naman gwari dabba tun kafin amiba, domin ya fi ta kusa. Kama da wane ba ta wane. Ko a gwajin bayan gida, ido ba ya raba histolytica da Entamoeba dispar, wadda galibi ba ta cutarwa, kuma sai a 1993 aka tabbatar da su jinsi biyu.

Malamar bayoloji: Na janye kalmar dabba, amma Protista zan rubuta a allo ranar Litinin, domin ba zan ɗora wa 'yan aji ɗaya Amoebozoa ba.